Takardar da Na Dangwala wa Yatsa

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tuƙa tuwon mutum arba'in aka kira ni a waya. Na zaci Alhaji Saifullahi ne zai ƙara yawan baƙinsa kamar yadda ya saba, sai na ji muryar mace tana Turanci tana shessheƙa. Abu biyu na tsinta a maganarta, sunan mijina da asibiti. Na miƙa wa Ajara wayar. Ajara 'yar zangon Kumasi ce, ita ke taya ni girki tun da na fara sayar wa fatake abinci a wani bene da ke bayan titin Huanshi Lu, nan Guangzhou ta ƙasar China, kuma ta fi ni jin Turanci. Ta saurara, ta ce to, ta sake cewa to. Sai ta miƙa hannu ta kashe gas ba ta tambaye ni ba. Da na ga ta kashe wuta a ƙarƙashin tuwon da bai dahu ba, na san babu mijina Shitu.

A asibiti ba a bar ni na gan shi ba. An nuna mini benci, an ce faɗowa ya yi a wajen aiki, kansa ya bugu, kafin a iso da shi rai ya yi halinsa. Daga wane wuri ya faɗo, me ya hau, babu wanda ya faɗa mini.

Shitu ɗan soja ne, a bariki ya tashi a Kano. Iyo a Tiga ya koya, doki kuma wajen masu kula da dawakin folo. Da ya shiga soja suka koya masa gudu da harbi. Wani hafsa ya lura da shi, ya ce abu ɗaya ya rage masa ya cika biyar, aka tura shi Alƙahira wata shida ya koyo wasan takobi. Wasan nasu pentatlon ake ce masa. Mutum ɗaya zai yi takobi, ya yi iyo, ya hau doki ya tsallake shingaye, sannan ya yi gudu yana tsayawa yana harbi. Dokin ma ba naka ba ne. Ƙuri'a ake jefawa, wanda ya faɗo maka shi za ka hau, a ba ku minti ashirin ku san juna.

Ya ciyo lambar tagulla a gasar Afirka. Sau biyu yana samun gurbin zuwa babbar gasa, sau biyu wasu a ofis suna mantawa da takardunsa. Na biyun muna da aure. Kwana tara jakarsa tana ɗaure a bakin ƙofa yana jiran kira, ina tsallake ta in zan fita shanya. A na goma ya kwance ta da kansa. Daga baya gwiwarsa ta fara ciwo, ya bar soja, ya biyo wani ɗan uwansa nan Guangzhou sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Bai iya ciniki ba ko kaɗan. Duk farashin da aka faɗa masa sai ya ce to, an gode.

Wata Lahadi ya je kallon dawaki a wani kulob da ke bayan gari, ya tarar da doki yana ta jefar da masu hawansa. Ya roƙa a bar shi ya gwada. Mai kulob ɗin, wanda kowa ke ce wa Laoban, wato maigida, ya tsaya yana kallo, kafin la'asar ya ɗauke shi aiki. Shekara tara ya yi yana horar da 'yan wasa a wurin. Da asuba yake fita da ƙullin abincinsa, ya dawo da warin maganin nan na ruwan iyo a jikinsa da murya a dishe.

Yana da wata doka da ya sa wa kansa. Ba ya barin ɗalibi ya hau dokin da bai fara hawa ba, ko ya riƙe takobin da bai lanƙwasa ya gani ba. Ko ruwa ne sai ya fara sa hannu. Yakan ce shi an sha ba shi dokin da bai sani ba ranar gasa, ba zai yi wa ɗan wani haka a gidan koyo ba. Ina yi masa tsiya in ce wata rana ma abincin bakinsu zai riƙa ɗanɗana musu. Ya ce in da ni na dafa ai da ya yi.

Kashegarin rasuwar Alhaji Saifullahi ya zo. Shi ne babban 'yan Kano a nan, dillalin takalma ne, kuma in an yi mutuwa ko an kama wani shi ake fara kira. Ya zo da mutum biyu daga kulob da tafintarsu. Ya zauna a kujera, ni ina ƙasa a kan darduma, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce hanya biyu ce. In na ce a yi bincike, za a ajiye Shitu a firji wata ɗaya ko biyu, kuma sai an buɗe jikinsa. In na sa hannu a takardar da suka kawo, gobe za a ba mu shi, a yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi maƙabartar Musulmi.

Wace mace ce za a ce mata za a yanka mijinta ta ce a yi? Tun ina yarinya abin da na sani shi ne mamaci ba ya kwana. Shitu ya riga ya kwana ɗaya a wurin da ban sani ba, ko likkafani babu.

Na tambaya me ke cikin takardar. Rubutun China ne shafi biyu, ni kuwa ko Hausa a hankali nake bi. Tafinta ya yi wa Alhaji bayani da Turanci, ya daɗe yana yi. Alhaji yana gyaɗa kai. Da ya gama ya juyo ya ce, "Ba komai a ciki, Maman Najiba. Sunansa ne, da aikinsa, da cewa ajali ne ya zo."

Suka buɗe wani ɗan gwangwani mai jar tawada. Na dangwala babban yatsana a wuri uku. Ranar Alhamis bayan azahar aka binne shi, ni ina ɗaki, jan yana nan a yatsana ya ƙi fita.

Na shiga takaba. Ajara ta riƙe girki, ni ina ƙuryar ɗaki da carbi. Ranar sadakar bakwai muka yi waina, mata suka cika falon. Wajen la'asar aka ƙwanƙwasa, sai ga wata doguwar 'yar China mai gajeren gashi da faɗin kafaɗa. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa kamar yadda ta ga mun zauna. Da ta buɗe baki na gane muryar. Ita ce ta kira ni. Sunanta Lin, shekararta ashirin da huɗu, Shitu ne ya horar da ita tun tana sha biyar. Na san sunan, don ya sha cewa ta fi shi harbi amma in ta ga ruwa sai ta ɓata rai.

Ta ci waina ɗaya don kunya. Da mutane suka ragu ta ce wa Ajara tana so ta ga takardar da aka ba ni. Na ɗauko. Ta karanta shafin farko, ta koma ta sake karantawa. Sai ta fara faɗa wa Ajara layi layi, Ajara tana juya mini.

Takardar ta ce Shitu mai share barga ne. Ta ce ranar Talata ya hau kayan horon 'yan wasa ba da izini ba, abin da ba aikinsa ba, ya zame ya faɗo. Ta ce iyalinsa sun yarda laifinsa ne, ba sa neman bincike. A ƙarƙashin wannan layin ne yatsana yake.

Lin ta ba mu labarin yadda abin ya faru. Ashe tun da manyan wasan suka cire doki daga cikin biyar ɗin, suka sa tsallake-tsallake a madadinsa, Laoban ya sayar da dawakin, biyu kawai ya bari don masu ɗaukar hoton biki. Ya sa aka kafa wasu ƙarafa masu tsawo da zobba da ake lilo a jikinsu da katangar da ake haurawa. Ran Litinin masu aikin suka gama. Katifun da ake shimfiɗawa a ƙasa ba su iso ba. Shitu ya ce a jira su, Laoban ya ce gasa ta matso, a fara.

"Ni ce zan fara hawa," in ji Lin. "Har na shafa farar hoda a hannu. Ya ce in tsaya, shi zai fara."

A zobe na huɗu ƙarfen sama ya fita da ƙusarsa. Ta nuna mini hoton ƙusar a wayarta, guntuwa ce, ba ta kai yatsana ba. Kafin a binne shi an canza ƙarfen, an shimfiɗa katifu.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na ce wa Ajara ta kira mini Alhaji Saifullahi.

Ya zo bayan sallar magariba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Na tambaye shi ko tafinta ya faɗa masa abin da aka rubuta a matsayin aikin Shitu. Ya ce ya faɗa. Ya ce tafinta ya ce masa mai kula da dawaki, shi kuwa bai ga abin gardama ba.

"Ai mu duk Shitu mai doki muke ce masa."

"Shekara tara kuna sahu ɗaya da shi a masallacin Huaisheng, Alhaji. Ba ka taɓa tambayarsa me yake yi ba?"

Ya ce ya san dai wasa ne, abin guje-guje. Ya ce in yi haƙuri, mutum ya riga ya tafi, Allah ba ya duba takardar China. Na ce Allah ya san Shitu tun kafin China ta san shi, ba don Allah nake magana ba. Najiba fa? 'Yarmu tana Kano wajen mahaifiyata, shekararta sha shida, duk makarantarsu an san babanta koci ne. Takardar nan ita za a fassara a buga mata hatimi, ita za ta je gida. Wata rana yarinyar za ta buɗe ta karanta cewa ubanta mai kwashe kashin doki ne da ya hau abin da ba nasa ba ya kashe kansa, uwarta kuma ta shaida.

Kwashe kashin doki ba abin kunya ba ne, Shitu ya yi shi yana yaro kuma yana faɗa da bakinsa. Amma ba shi yake yi ba. Mutanen ofis sun hana shi zuwa gasa sau biyu ya haƙura. Abin da ya rage masa shi ne sunan nan, shi ma a ƙwace, da yatsana.

Alhaji ya ce shi alheri ya nufa. Na ce na sani. Na kuma ce daga gobe ya nemi wani wurin cin tuwo. Ajara ta zaro ido, don shi kaɗai yakan kawo mana baƙi goma sha biyar. Ban janye ba.

Kwana biyu bayan nan na sa hijabi na ce za ni kulob. Ajara ta ce, "Hajiya, takaba fa kike yi. Me mutane za su ce?" Na ce malamai sun ce mai takaba tana fita in da lalura, in wannan ba lalura ba ce ban san lalura ba. Ta ajiye ludayi ta biyo ni. Na ɗauki lambar tagullarsa da takardar shaidar koci da ya samo a Alƙahira, na naɗe su a ɗankwali.

Ranar ce farkon zuwana wurin. Shekara tara yana cewa in zo in gani, ina cewa wa zai riƙe mini tukunya. Wannan ma yana cikin abin da ke ci na, ba zan ɗora wa Alhaji shi kaɗai ba.

Lin ta tare mu a ƙofa. A bangon shiga akwai hotunan gasa da yawa, ta nuna mini wurare uku da fenti ya fi haske, inda aka cire wasu. Ƙarafan suna tsakiyar fili, shuɗɗan katifu a ƙarƙashinsu. 'Yan wasa sun kai ashirin, wasu manya wasu matasa, iyaye na zaune a gefe.

Laoban ya fito da fara'a, ya sa aka kawo shayi a ƙananan kofuna. Ban taɓa ba. Na kwance ɗankwalin a kan teburinsa. Ya kalli lambar, ya ce Shitu mutumin kirki ne, kowa yana kewarsa. Na ce ta bakin Ajara, Lin tana ƙarasawa, ba yabo na zo karɓa ba, kalma ɗaya na zo a gyara. Ya buɗe durowa ya ɗauko tasa takardar, ya juyo ta wajena, ya sa bakin biro a kan jan yatsan. Ya ce ba shi ya dangwala ba.

Na tashi na fita filin. Na tsaya a gaban 'yan wasan, na ce wa Lin ta tambaye su da yarensu wa ya koya musu riƙe takobi. Ta tambaya. Suka dubi Laoban da ke tsaye a bayana, suka dubi iyayensu, suka dubi ƙasa. Akwai wani dogo da Shitu ya taɓa kwana biyu a asibiti yana jinyarsa lokacin da ya karye, na gane shi a hoton waya. Shi ma ƙasa ya duba. Na ce ta sake tambaya. Babu wanda ya yi tari.

Lin ce kaɗai ta yi magana. Ta nuna ni ta ce wani abu da ƙarfi, a ciki na ji "jawliyen". Wannan kalmar na san ta, ita suke kiransa da ita in sun bugo waya, ma'anarta koci. Sai ta cire rigar kulob ɗin daga kafaɗarta ta ajiye a kan katifa, ta riƙe hannuna muka fita. Saura sati uku gasar da take shiri tun bara. Ba ta yi ta ba.

Ita ta kai ni ofishin da ake kai irin wannan ƙorafi. Ta rubuta abin da ta gani, ta haɗa da hoton ƙusa, ta sa hannu. Matar da ke bayan gilashi ta karɓa, ta ce tunda iyali sun riga sun yarda abin zai yi wuya, amma in akwai wasu shaidu a kawo. Ta ba ni lamba a wata 'yar takarda, ta ce za a neme ni.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Alhaji Saifullahi ya zo da mutum shida daga masallaci. Bai nemi abinci ba, ni ma ban yi tayi ba. Ya ce sun zo su rubuta wasiƙa da sunan jama'a, su shaida cewa Shitu koci ne. Abdulhakeem mai shigar da kaya jirgi shi ya riƙe biro. Ya tambaya kocin me za a rubuta. Alhaji ya fara lissafawa da yatsa: doki, gudu, iyo. Wani ya ce dambe. Wani ɗan Nijar ya rantse keke yana ciki, ya taɓa gani a talabijin. Suka kama gardama a falona, mazan da suka ɗauki gawarsa a kafaɗa.

Na bar su sai da suka gaji, sannan na faɗa musu daga bayan labule, ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa musu Tiga, da Alƙahira, da lambar tagulla, da jakar da ta kwana tara a bakin ƙofa. Na faɗa musu dalilin da ya sa ya hau ƙarfen. Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce wa Abdulhakeem ya rubuta duka, kar ya rage. Su bakwai suka sa hannu. Da zai fita ya tsaya ya ce, "Maman Najiba, ki yafe mini." Na ce na ji. Yanzu ya dawo cin tuwo, ina zuba masa, amma ba na ƙara masa nama.

An kai wasiƙar. Takaba ta ƙare, damina ta wuce, yau wata goma sha ɗaya. Lin tana koya wa yara iyo a wata unguwa, ita da ba ta son ruwa. Kulob ɗin yana nan, na ji har sun ciyo kofi. Najiba ta tambaye ni sau uku ina takardar rasuwar babanta, makaranta na nema. Na ce tana hanya. 'Yan uwana suna cewa in tattara in dawo gida, me nake jira. Ba zan shiga jirgi da wannan takardar a jakata ba.

Lin ta koya mini magana ɗaya da yarensu, na haddace ta kamar yadda ake haddace karatu. Ma'anarta: mijina koci ne, yaushe za ku gyara? Ofishin yana buɗewa ƙarfe tara. Kullum in na ɗora ruwan tuwo sai in wanke hannu, in kira, in karanta musu lambata, in faɗi maganar. Matar ta san muryata yanzu, wani lokaci kafin in ƙarasa take cewa "meyo", wato babu. Sai in ce mata shiye-shiye, wato na gode, in kashe, in koma kan tukunya. Asabar da Lahadi ba sa ɗauka, amma ina kira.